SHARHI: Audugar Gombe da Yadin da Ba Ya Bukatar Masaƙi

A birnin Gombe akwai wata unguwa da har yanzu ake kira BCGA, ko da yake da yawa daga cikin matasan da aka haifa a cikinta ba su san abin da waɗannan haruffa huɗu ke nufi ba. Sunan wata ƙungiya ce ta 'yan kasuwar Ingila, wadda aka kafa a Manchesta cikin 1902 domin nema wa masaƙun ƙasarsu auduga daga ƙasashen da Turawa suka mallaka. A cikin 1956 aka kafa injin gurzar auduga a Gombe, bayan shekara bakwai kuma, watau 1963, layin dogo ya iso garin a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka mayar da Gombe babbar cibiyar ciniki a gabashin Arewa, tun kafin a yi mafarkin za ta zama hedkwatar jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996.

To amma tun daga wancan zamani har zuwa yau cinikin bai canza kama ba. Manomi ya kawo auduga, a gurje, a ware anguriya, a ɗaure dila-dila, a loda ta zuwa wani wuri. Duk wata riba da ke bayan gurza wasu ne ke cin ta. A da Ingila ce, daga baya masaƙun Kaduna da Kano. Da aka rushe Hukumar Cinikin Auduga cikin 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, kuma masaƙun da suka haura 150 a faɗin ƙasar nan suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta dakatar da aiki cikin 2007, sai manomin Gombe ya juya ga masara da wake da riɗi. Ba a ga laifinsa ba.

Kusan kowace gwamnati da ta zo tun daga lokacin ta yi alkawarin farfaɗo da masaƙu. An ba da rance, an hana masu shigo da yadi kuɗin waje a farashin gwamnati cikin 2019, aka janye hanin cikin 2023. Duk waɗannan matakai an ɗauke su ne da hoto guda a zuci, watau babbar masaƙa mai dubban ma'aikata, wadda za ta kaɗa zare, ta saƙa, ta rina, ta buga atamfar da za ta kara da ta Sin a kasuwar Kantin Kwari. Buri ne mai kyau, sai dai ba shi ne tsanin da Gombe za ta fara takawa ba. Garin da bai taɓa mallakar babbar masaƙa ba a lokacin da harkar take kan ganiyarta, da wuya ya fara da ita a lokacin da ta gagari waɗanda suka gaje ta. Akwai wata ƙofa da ta fi kusa, wadda ba a cika ambatonta a tarurrukan farfaɗo da masana'antu ba, ita ce ta yadin da ake haɗawa da sukar allura, ba kaɗi ba saƙa.

Ya kamata a bayyana abin da ake nufi, domin sunan baƙo ne ko da yake kayan ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa riƙe hular dara ya lura cewa ba ta da zaren tsaye da na kwance irin na saƙi ko gwado. Gashi ne aka cuɗa har ya kama juna ya zama fata guda. Masana harshe ma suna danganta kalmar lifidi, wanda barade ke sa wa dawaki, da kalmar Larabci da ke nufin irin wannan cuɗaɗɗen gashi. Gashin tumaki yana kama juna da kansa idan ya sha ruwan zafi da murza, saboda ƙananan ɓawo da ke jikinsa. Auduga da gashin roba ba su da wannan hali, don haka sai aka nemo dabarar da za a tilasta musu.

Ga yadda dabarar take. Da farko inji zai wargaza gashin ya tsefe shi, aikin da tsofaffin mata ke yi da bakan shiɓa kafin su ɗauki mazari. Shiɓaɓɓen gashin zai fito shara-shara kamar saƙar gizo-gizo, sai wani inji ya riƙa ninka shi kai da komowa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ya yi kauri kamar katifa mai laushi. Daga nan ya shiga ƙarƙashin wani allo da aka kafa wa allurai dubbai. Allurar ba ta da kafa, ba ta kuma ɗauke da zare; a jikinta akwai 'yan ƙananan ƙugiyoyi da ke kallon ƙasa. Idan ta soka sai ƙugiyoyin su ja gashin sama su nutsa shi cikin na ƙasa, idan ta fito sai ta bar shi a can. Allon yana hawa da sauka sau ɗaruruwa a minti guda, a injunan zamani ma fiye da dubu. Kafin shimfiɗar ta fita ɗaya gefen ta sarƙe, ta matse, ta zama yadi mai ƙarfi da za a naɗe a sayar. Babu manne a ciki, babu ruwa, babu rini sai in an so. Nauyin murabba'in mita guda yana iya kamawa daga wajen giram 100 zuwa fiye da kilo ɗaya, gwargwadon yawan ninki da yawan suka.

Ba sabuwar fasaha ba ce. Kamfanin William Bywater na birnin Lids a Ingila ya fara ƙera irin wannan inji don sayarwa tun wajen 1889, kuma aikinsa na farko shi ne mayar da tsummoki da gashin dabbobi su zama shimfiɗar ƙarƙashin kafet da cikon kujeru. Kamfanoni irin su Dilo da Groz-Beckert na Jamus su ne suka shahara da injunan da alluran a yau, Sin da Turkiyya kuma suna ƙera masu sauƙin kuɗi. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne matakan da aka tsallake. A masaƙa, kaɗi da saƙa da rini su ne ke cin mafi yawan jari, su ke shan wuta da ruwa, su ne kuma ke bukatar auduga mai daraja ɗaya ba gauraye. Injin allura ya tsallake duka ukun, yana kuma karɓar abin da masaƙa za ta ƙi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa zai saya. Amsar farko tana bakin kwarurrukan birnin Gombe.

Kamar yadda mazauna garin suka sani, birnin yana zaune ne a cikin kwari, ƙarƙashin tudun Akko da ke yammacinsa, kuma mafi yawan ƙasarsa rairayi ce marar danƙo. Idan ruwan Agusta ya sauko daga tudu yakan yanki ƙasa kamar wuƙa, kwarin da yaro ke tsallakawa bana baɗi ya ci gida. Ambaliyar da aka yi cikin Agustan 2004, wadda ta yi sanadin rasa rayuka, har yanzu ana tuna ta. An kashe kuɗi masu yawa wajen yaƙi da zaizayar ƙasa, da farko a ƙarƙashin shirin NEWMAP da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ya yi aiki a kwarin Jami'ar Jihar Gombe, daga baya kuma shirin ACReSAL da ya gaje shi, wanda ya ɗauki kwarin Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Gwamnatin jihar ita ma ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa cikin 2019.

Injiniyoyi sun san cewa dutse da siminti kaɗai ba sa riƙe rairayi. Idan aka jera duwatsu cikin ragar waya a gefen kwari, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa zai ci gaba da tsattsafowa ta tsakaninsu yana ɗauke da ƙasa kaɗan-kaɗan, har bayan ginin ya zama kogo, wata rana ya rufta. Idan kuma aka toshe da kankare ba mafita, ruwan ya taru a baya ya tunkuɗe shi. Maganin shi ne matata: abin da zai bar ruwa ya wuce ya riƙe ƙasa. Wannan shi ne ainihin aikin yadin allura, wanda ake shimfiɗawa tsakanin ƙasa da dutse kafin a yi gini. A Faransa aka fara gwada shi a madatsar ruwa cikin 1970, a dam ɗin Valcros, kuma da aka tono samfurinsa bayan fiye da shekara 20 aka tarar yana nan yana aikinsa. Tun daga nan ya zama kayan aiki na yau da kullum a gine-ginen ruwa a duniya.

Haka batun yake ga hanyoyin mota. Baƙar lakar nan da ta sa auduga ke yin kyau a kwarin Gongola, wadda injiniyoyi ma ke kira ƙasar auduga, ita ce ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana cinye tsakuwar da aka zuba mata. Yadin ba ya hana laka kumbura, kuma duk wanda ya ce yana hanawa talla yake yi. Abin da yake yi shi ne raba tsakuwa da laka don kada su gauraya, ya kuma ba ruwa hanyar fita. Wannan kaɗai yana ƙara wa hanya shekaru. Ana kuma sa shi ƙarƙashin ledar da ake shimfiɗa wa magudanan noman rani da tafkunan kifi, don kada dutse ya huda ta, abin da ya shafi filayen ban ruwa na Daɗin Kowa da Balanga kai tsaye.

Kasuwa ta biyu ita ce ta tace ƙura. Masana'antun siminti na zamani, da injunan casar shinkafa da na niƙan gari, suna tura iska mai ƙura ta cikin dogayen jakunkuna da aka ɗinka da irin wannan yadi. Ƙurar ta maƙale, iska ta fita. Jakunkunan suna tsufa, ana canza su lokaci-lokaci, watau ciniki ne mai maimaituwa. Jihar da ke da masana'antar siminti ta Ashaka, wadda ta fara aiki tun 1979, bai kamata ta jahilci wannan fanni ba. Sai dai a nan tilas a yi taka-tsantsan. Jakar da za ta jure zafin da ke fitowa daga tandun siminti, wanda kan wuce awo 200 a ma'aunin zafi, da gashi na musamman ake yin ta, mai tsadar gaske, kuma babban kamfani ba zai yi kasada da tandunsa don ya faranta wa maƙwabci rai ba. Sabon shiga sai ya fara da wuraren da ba zafi, kamar sashen zuba siminti a buhu da injunan hatsi, inda yadin foliyesta ya wadatar.

Kasuwa ta uku ba ta da ɗaukar ido, amma ita ce za ta biya albashi a shekarun farko: shimfiɗar da ke tsakanin sifirin da soso a cikin katifa, cikon kujerun kushin, kafet mai araha na masallatai da ɗakunan taro, shimfiɗar ƙasan mota da Keke Napep, cikin takalmi, da abin da ake sa wa a ƙarƙashin kwano don rage zafin ɗaki. Duk kafintan kujera a Gombe da Bauchi da Yola da Maiduguri abokin ciniki ne. Kayan yana da girma amma ba nauyi, saboda haka motar da ta ɗauko shi daga tashar jiragen ruwa ta Legas, tafiyar fiye da kilomita dubu, rabin abin da ta ɗauko iska ce. Wannan nisa, wanda ya daɗe yana cutar masu sana'a a Arewa maso Gabas, a wannan harka shi ne katangar da za ta kare mai masana'anta na gida.

Akwai wata gaskiya da masu sha'awar wannan shawara ba za su so ji ba, amma ɓoye ta zai jawo asara. Yadin da ake binnewa a ƙasa don ya daɗe ba da auduga ake yin sa ba. Auduga tana ruɓewa cikin damina ɗaya ko biyu. Da gashin roba ake yin sa, ko folifurofilin ko foliyesta. Don haka duk wanda ya tallata wannan masana'anta a matsayin mai ceton manomin auduga ya yi ƙari. Rabon auduga yana kasuwa ta uku ne: dattin da injin gurza ke zubarwa, audugar da ta sha ruwa ko ta yi ja har masaƙa ta ƙi ta, ƙyallayen da teloli ke sharewa kowace yamma, da ragowar gwanjon da ba ya sayuwa. Duka ana yagalgala su a gauraya da ɗan gashin roba don ƙarfi. Ɗan gajeren gashin da ke maƙale jikin anguriya kuwa ya yi gajarta, allura ba ta kama shi. Rama, wadda ake nomawa a bakin gonaki, tana da nata gurbi, domin ana yin shimfiɗa da ita a rufe gangaren da aka dasa wa ciyawa, ta riƙe ƙasa har saiwa ta kama, sannan ta ruɓe ta zama taki.

Gashin robar ma ba sai an je ƙetare ba. Masana'antar Eleme ta jihar Ribas, wadda kamfanin Indorama ya saya cikin 2006, tana yin folifurofilin, matatar Dangote ta Legas ita ma ta fara fitar da shi cikin 2025, ko da yake sai an sami mai mayar da ƙwayoyin robar su zama gashi. Foliyesta kuwa daga gorunan ruwa da na lemo ake samun ta. 'Yan jari-bola sun riga sun san darajar waɗannan goruna. Ana tara su, a niƙa, a tura Kudu, inda ake narka su a fitar da gashi. Abin mamaki ne a ce gorar da ke toshe magudanan Jekadafari da Pantami, tana ƙara wa ambaliya ƙarfi, ita ce ɗanyen kayan abin da zai riƙe gefen kwarin. Da farko mai masana'anta zai sayo gashin ne daga Legas, a matse cikin dila, wanda jigilarsa ta fi ta naɗaɗɗen yadi sauƙi nesa ba kusa ba.

Masu suka za su kawo hujjoji uku, kuma babu marar tushe a cikinsu. Ta farko wutar lantarki. Yankin bai manta da 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, jihohin Arewa maso Gabas suka yi makonni cikin duhu. Amsar da ake da ita ita ce tashar Daɗin Kowa mai ƙarfin megawat 40, wadda ba a ci moriyar wutarta ba sai bayan fiye da shekara 30 da gama dam ɗin cikin 1984, da kuma dandalin masana'antu mai hekta 1,000 da gwamnatin jihar ta keɓe kusa da ita. Layin allura guda ɗan ƙaramin kaso ne kawai zai ja daga wannan wuta. Ko wutar za ta isa ga masana'anta kai tsaye ba yankewa, wannan shi ne abin da mai zuba jari zai nemi a rubuta masa a takarda kafin ya sauke ko da ƙusa ɗaya.

Hujja ta biyu ita ce ayyukan yi. Gaskiya ne, wannan masana'anta ba ta ɗaukar dubban mutane kamar Kakuri a zamaninta. Mutane 'yan gomomi ne ke tafiyar da layi guda. Yawan aikin yana wajen katanga, wurin masu tara gora da ƙyalle, masu rarrabewa, masu ɗinka jakunkunan tace ƙura, da masu jigila. Ɗan siyasar da ke neman abin da zai yanke wa kirtani gaban kyamara ba zai ga abin burgewa ba.

Ta uku kuma, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce inganci. Alluran suna karyewa suna dakushewa, kuma daga waje ake sayo su da kuɗin waje. Yadin da bai sha suka daidai ba yana yagewa, wanda ramukansa suka yi ƙanana yana toshewa da laka, wanda aka bari a rana makonni kafin a rufe shi yana ƙonewa ya zama gari. Injiniyan da ke kula da aikin da Bankin Duniya ya biya ba zai karɓi kaya don an ce na gida ne ba; zai nemi takardar gwajin nauyi da ƙarfin ja da jure huda da saurin wucewar ruwa. Idan kayan gida na farko da aka binne ya ba da kunya, to an kashe kasuwar na tsawon shekara goma.

A nan ne aikin hukuma yake, kuma ba gina masana'anta ba ne. Tarihin kamfanonin da gwamnatocin jihohin Arewa suka kafa da kuɗin jama'a suka kuma naɗa musu shugabanni ya isa darasi. Abin da ɗan kasuwa ke bukata, wanda ba zai iya samar wa kansa ba, shi ne sanin girman kasuwa. Ma'aikatun ayyuka da na muhalli da na albarkatun ruwa na jihar suna iya zama su fitar da lissafin murabba'in mita nawa na wannan yadi aka rubuta a kwangilolinsu na shekara biyar da suka wuce, nawa kuma ake sa ran bukata a biyar masu zuwa, su buga shi kowa ya gani. Idan aka haɗa da na sauran jihohi biyar na shiyyar, ta hannun ƙungiyar gwamnoninsu da Hukumar Raya Arewa maso Gabas, lissafin zai nuna ko layi ɗaya zai ci da kansa ko kuwa a'a. Da wannan takarda ce mutum zai tunkari Bankin Masana'antu, ba da jawabin taro ba.

Bayan haka sai ɗakin gwaji. Na'urorin auna ƙarfin yadi da wucewar ruwa ba su kai kuɗin gina kilomita guda na kwalta ba, kuma ana iya ajiye su a ɗaya daga cikin manyan makarantun jihar, a ƙarƙashin sa idon Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa. Amfaninsu zai fara tun kafin a kafa masana'anta, domin kayan da 'yan kwangila ke shigowa da shi yanzu ma yana bukatar a auna shi kafin a rufe shi da ƙasa. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya riga ya wajabta wa hukumomin tarayya fifita kayan gida wajen saye. Jiha tana iya sa makamancin wannan sharaɗi a kwangilolinta, da ƙa'idar cewa fifikon na kayan da ya ci gwaji ne kawai.

Su kuma masu injunan gurza da manyan dillalan hatsi na Tudun Hatsi, waɗanda su ne ke da jari a garin, hanyar da ta fi musu aminci ita ce su fara daga ƙasa: layi guda, ko da na hannu ne, da injin yagalgala ƙyalle, a yi shimfiɗar katifa da cikon kujera shekara biyu ko uku har ma'aikata su san halin allura, makanikai su san halin inji. Daga nan ne za a tura samfurin farko ɗakin gwaji, a nemi shiga kwangilar kwari mafi kusa.